Yadda Ake Maganin Inuwa a Kan Farantan Sola a Legas

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, farantan sola suka fara yawa a kan rufin Legas. Ka bi ta Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Alaba Rago, za ka gan su a kan shaguna da masallatai da gidajen haya, har da rumfunan masu cajin waya da masu POS. Kukan da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: an kashe kuɗi, rana na dukan rufi, amma batir ba ya cika, tun dare bai raba ba inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara ƙara. A kira wanda ya haɗa, sai ya ce, "Alhaji, sai dai a ƙaro faranti biyu." Wani lokaci gaskiyarsa ne. Sau da yawa kuwa farantan sun isa, inuwa ce ke cinye su: ta tankin ruwa, ta benen maƙwabci, ta dish ɗin DStv, ta reshen mangwaro.

Gyaran inuwa hawa-hawa ne, daga wanda ba ya cin ko kwabo zuwa wanda ke cin dubban ɗaruruwa. Ka bi shi a jere. Mafi yawan gidaje ba sa ma buƙatar kaiwa hawan ƙarshe.

Abin da ke faruwa a cikin faranti

Ka dubi faranti da kyau, za ka ga ƙananan murabba'ai a jere. Kowane ɗaya ana kiransa sel, kuma ba ya bayar da abin da ya wuce rabin bolt da ɗan kaɗan. Don a samu ƙarfin da zai yi aiki sai a ɗaure su a jere, bakin wannan a wutsiyar wancan, guda 60 ko 72. A haɗi irin wannan hanya ɗaya ce tal, duk wutar sai ta ratsa ta kowane sel. Kamar titi ne mai hannu ɗaya: danfo ɗaya ta mutu a tsakiya, gosulo ya kama kowa har mai sabuwar mota. Sel ɗaya ya shiga inuwa, sauran 71 da ke cikin rana tsaka ba za su iya tura fiye da abin da shi ya bari ba.

Abin bai tsaya a asarar wuta ba. Sel ɗin da ke inuwa ya daina bayarwa, ya koma sha, wutar 'yan uwansa tana zama zafi a jikinsa. Yau da gobe sai ka ga tabon ƙuna a wurin, ledar baya ta kumbura, wani lokaci gilashin ma ya tsage.

Masu ƙera faranti sun yi wa wannan tanadi. A bayan kowane faranti akwai ɗan akwati baƙi, ko ƙanana guda uku a na zamani, a ciki akwai dayod guda uku. Kowane dayod na gadin kashi ɗaya cikin uku na sel ɗin. Idan inuwa ta toshe wani kashi, sai dayod ɗinsa ya buɗe wa wuta hanyar zagaye, a yi asarar sulusin farantin kawai, sauran jeri ya ci gaba da aiki. Ka riƙe wannan, don kusan duk dabarar da za ta biyo baya a kansa ta dogara: kason kowane dayod layi biyu ne na sel da ke tafiya ta tsawon faranti, ba ta faɗinsa ba.

Mataki na farko: tabbatar inuwar ce

Kafin ka hau rufi, duba abin da inbata ke faɗa. Idan tana da manhaja a waya, buɗe zanen wutar da farantai suka bayar a kwana uku ko huɗu masu rana. Lafiyayyen zane yana hawa a hankali, ya kai ƙololuwa wajen azahar, ya sauka. Idan ka ga rami a lokaci ɗaya kullum, misali daga ƙarfe biyu zuwa uku da rabi, wannan inuwar wani abu ce da ba ya motsi. Idan zanen tsalle-tsalle yake ba tsari, gajimare ne, ba ka da yadda za ka yi da shi. Idan babu manhaja, ɗauki biro ka riƙa rubuta abin da fuskar inbata ta nuna kowace awa.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Idan batir ya cika kuma ba a kunna kaya masu yawa ba, inbata da kanta take rage jan wuta daga farantai, zanen ya faɗi ƙasa alhali ba inuwa ko kaɗan. Saboda haka ka yi gwajin a ranar da batir ya kwana da yunwa, ko ka kunna firiza da famfon ruwa don a samu mai sha.

Ka kuma san abin da ya kamata ka sa rai. Ranar Legas ba ta Sakkwato ba ce, ba ta Maiduguri ba ce. A nan, kowane kilowat ɗaya na farantai yana bayar da kimanin yunit uku da rabi zuwa huɗu a rana idan an daidaita shekara, a Yuli da Agusta kuwa ƙasa da haka sosai saboda hadari. Mai faranti takwas na wat 550, wato kilowat 4.4, idan yana samun yunit 15 ko 16 ba shi da ƙorafi. Idan tara yake samu a Janairu, akwai magana.

Mataki na biyu: bi sawun inuwar, kuma ka tuna ba wuri ɗaya take zama ba

A nan ne aka fi yin sakaci. Mai haɗawa ya hau rufi sau ɗaya da hantsi, ya ga ko'ina rana, ya buga ƙarafa. Bayan wata huɗu inuwar tanki ta kwanta a kan faranti biyu.

Duk wanda ya karanta babin lokutan salla ya san inuwar zawali tana tsawo tana gajarta da watanni. A Legas har juyawa take. Garin yana kusan digiri shida da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba rana tana bi ta arewa da kai, inuwar tsakar rana ta faɗa kudu. Sauran watanni bakwai rana na kudu, inuwa na faɗawa arewa. A ƙarshen Disamba, abu mai tsayin mita biyu yana jefa inuwar da ta ɗan wuce mita ɗaya zuwa arewa da tsakar rana. A ƙarshen Yuni, abin nan dai yana jefa ta kimanin santimita 60 zuwa kudu. Ke nan bangon da ke arewa da farantanka, wanda littattafan Turai za su ce ba ruwanka da shi, a nan yana da watanni biyar na ɓarna.

Agogo ma yana yaudara. Rana ba ta tsayawa a Legas da ƙarfe goma sha biyu, sai tsakanin 12:30 da 1:00 gwargwadon wata. Don haka sa'o'in da suka fi daraja su ne daga kusan 9:45 na safe zuwa 3:45 na yamma. Inuwar ƙarfe bakwai na safe ko shida na yamma kada ta hana ka barci, wutar lokacin ba ta taka kara ta karya ba. Ta ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku ita ce mai cin dukiya.

Yadda za ka yi: zaɓi rana mai haske, ka ɗauki hoton farantan daga wuri ɗaya da ƙarfe tara, goma sha ɗaya, ɗaya, uku, da kuma bayan la'asar. Idan ba a riga an ɗora su ba, ka zana iyakar inuwar da alli ko gawayi a kan dekin. Wannan ya ba ka labarin watan da kake ciki. Na sauran watanni kuma, akwai manhajoji irin su Sun Surveyor da Sun Seeker da ke nuna hanyar rana ta Disamba da ta Yuni a cikin kyamarar waya. Ka tsaya daidai inda farantin yake, ka sunkuya zuwa tsayinsa, ka ga ko layin rana ya ratsa ta bayan tanki ko bene. Kada ka ɗauki alƙibla a matsayin gabas sak, a Legas ta karkata arewa da kusan digiri 27. Yi amfani da kamfas na waya, nesa da ƙarafa.

Idan kana son ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: abin da ke gabas ko yamma da faranti, ka ba shi tazarar ninki biyu na tsayin da ya ɗara farantin. Na kudu, tazara daidai tsayinsa. Na arewa, rabin tsayinsa.

Kada ka raina sirara. Sandar eriya, ƙarfen kamun tsawa, igiyar shanya, wayar NEPA da ta gifta kusa da rufi. Sanda mai kaurin yatsa biyu idan tana dab da gilashi tana jefa inuwa mai duhu da za ta iya tayar da dayod. Idan ta yi nisan mitoci da yawa inuwarta kan dushe, ɓarnar ta ragu.

Mataki na uku: ɗauke abin da ke ɗaukuwa

Dish da eriya, a mayar da su ƙasa da farantai ko can gefen da inuwarsu ba ta isowa, aikin awa ɗaya ne. Tankin ruwa ya fi wuya, amma sau da yawa kuɗin mai walda da mai famfo bai kai na faranti ɗaya ba. Idan gidan haya ne, kada ka taɓa komai sai ka sami mai gida ko kiyateka, ka je da hotunan da ka ɗauka, sun fi dogon bayani. Idan tankin na kowa da kowa ne a gidan, to farantanka ne za su matsa.

Bishiya kuma a yi hattara. Sassabe rassan da suka leƙo rufi ya wadatar, kuma sai an maimaita bayan kowace damina don tohon Legas ba ya jira. Sare bishiya gaba ɗaya a jihar nan yana buƙatar izinin LASPARK, hukumar jihar mai kula da lambuna da bishiyoyi. Idan ta maƙwabci ce, a yi magana ta fahimta, wutar faranti ɗaya ba ta kai zaman lafiya ba.

Idan inuwar ba ta ɗaukuwa, ɗauke farantin. Mutane na manne wa maganar cewa dole faranti ya kalli kudu. A ƙasashen arewa da ke nesa da tsakiyar duniya haka ne. A Legas, idan karkatar ba ta wuce digiri 10 zuwa 15 ba, bambancin kallon kudu da kallon gabas ko yamma ɗan kaɗan ne. Gefen rufin da ke kallon yamma ba inuwa ya fi na kudu da ke shan inuwar awa uku nesa ba kusa ba. Wani lokaci ma ɗaga ƙarafan da rabin mita kan fitar da faranti daga inuwar ɗan bangon da ke kewaye dekin, sai dai a ɗaure su da kyau, iskar farkon damina ba ta da wasa. Idan layi biyu ne a kan dekin, tazarar da ke tsakaninsu ta kai tsayin da bayan layin gaba ya tashi, ka ƙara ta kai santimita 50 ko 60 don mai wanki ya samu wurin taka ƙafa.

Mataki na huɗu: a tsaye ko a kwance

Wannan ba ya cin kuɗi, amma yana iya ninka abin da faranti ke bayarwa a lokacin inuwa. Ka tuna kason kowane dayod yana bin tsawon faranti ne. Idan inuwa ta kwanta ta gajeren gefe, ko da layi ɗaya na sel ta rufe, ta taɓa kaso ukun duka, farantin ya mutu ɗungurungum. Idan ta dogon gefe ta kwanta, kaso ɗaya ta taɓa, biyu na aiki. Don haka ka juya faranti yadda inuwar za ta fara shigowa ta dogon gefensa. Inuwa mai hawowa daga ƙasa, irin ta bango, faranti a kwance take so. Mai shigowa daga gefe, irin ta benen da ke yamma, a tsaye.

Farantan zamani masu sel rabi-rabi, 120 ko 144, waɗanda za ka ga layi ya raba su a tsakiya, suna da ɗan sauƙi. Rabin sama da rabin ƙasa kowanne da hanyarsa. Idan an tsayar da shi inuwa ta rufe ƙasan, saman na iya ci gaba da bayar da kusan rabin wutar. Idan sabon saye za ka yi kuma rufinka na da inuwa, irin wannan za ka nema.

Mataki na biyar: yadda aka haɗa wayoyin

Haɗi iri biyu ne. Akwai na jeri, wanda masu aiki ke cewa siris: bolt na taruwa, amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, na nan yadda take. Akwai na gefe da gefe, faralel: amfiya na taruwa, bolt bai canza ba. Wanne ya fi a inuwa? Ya danganta da na'urar da ke karɓar wutar.

Fara da ƙaramin haɗi, irin na mai shayi ko mai cajin waya: faranti biyu ko uku ƙanana, batir mai bolt 12, da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, mai araha irin ta PWM. Ƙaramin faranti mai sel 36, wanda galibi dayod biyu gare shi ba uku ba, yana aiki ne a kusan bolt 18. Idan inuwa ta sa dayod ya yanke rabinsa, saura tara, ƙasa da na batir, ko ɗigo ba zai shiga ba. A nan faralel ne daidai: wanda ya shiga inuwa ya yi shiru shi kaɗai, sauran su ci gaba. Ka sa waya mai kauri, don amfiya ce ke zafafa waya.

Babban haɗi na gida kuwa, yawancin inbatocin kilowat biyar da ake sayarwa a Alaba suna da MPPT, wato na'urar caji mai laluben inda farantai suka fi ba da wuta, mai son bolt mai yawa. Da yawansu ba sa aiki sai wutar farantai ta kai wajen bolt 120, kuma ba sa jure abin da ya wuce 450 ko 500. Ka duba takardar taka, lambobin suna rubuce. Faranti mai wat 550 yana aiki a kusan bolt 41. Ka jera huɗu, ka samu 164, a kan rufi mai zafi ma ƙasa da haka. Inuwa ta ɗauke biyu, saura 82, inbata ta daina caji gaba ɗaya alhali faranti biyu na cikin rana. Da takwas ne a jeri ɗaya, 328, inuwa ta ɗauke biyu saura 246, aiki na tafiya da kashi uku cikin huɗu. Saboda haka a irin wannan inbata dogon jeri ɗaya ya fi gajeru biyu jure inuwa, muddin jimillar Voc (bolt ɗin faranti idan ba a jona masa komai ba) da ke rubuce a bayan farantan ba ta kusanci iyakar inbatar ba. Wuce wannan iyaka ƙona na'ura ne, kuma garanti ba ya biya.

Idan inbatarka na da ƙofar MPPT biyu, ka yi sa'a. Tara farantan da ke shan inuwa lokaci ɗaya a ƙofa ɗaya, masu rana tsantsa a ɗayar. Haka ma idan wasu na kallon gabas wasu yamma, kada a gauraya su a jeri guda. Idan ƙofa ɗaya ce, ana iya sayen kwantirolar MPPT daban a ba farantan inuwa, ta zuba kai-tsaye cikin batir. Abin da ba a so shi ne jeri biyu a haɗe faralel a ƙofa ɗaya, ɗaya a rana ɗaya rabinsa a inuwa: bolt ɗinsu ya saɓa, kowanne ya hana ɗan uwansa sakewa. Jeri uku ko fiye a faralel kuma, kowanne sai da fiyus nasa, gwargwadon lambar da ke jikin takardar farantin, don kada lafiyayyu su tura wuta baya cikin mai matsala.

Sai saitin inbata. Idan akwai inuwa, jeri yana da maki biyu ko uku da wuta ke iya tsayawa a kai, ɗaya ne kawai mafi girma. MPPT marar wayo kan maƙale a ƙarami ta ɗauka ta iso. Masu kyau sukan leƙa duka zangon lokaci-lokaci su koma mafi girma. SMA na kiran nata ShadeFix, Fronius na cewa Dynamic Peak Manager, kwantirolocin Victron ma suna yi. A wasu inbatocin sai an shiga saiti an kunna shi. Ka tambayi mai haɗa maka, "Injiniya, wannan tana da binciken inuwa? An kunna?" Idan ya yi shiru, ku buɗe littafin tare.

Mataki na shida: gwada dayod

Farantin da ya shekara yana shan inuwa kullum dayod ɗinsa ya sha aiki, kuma tsawa ma na kashe su. Mutuwarsu iri biyu ce. Wani ya mutu a haɗe, sulusin farantin ya tafi har abada ko babu inuwa. Wani ya mutu a yanke, wannan ya fi haɗari, don ba mai kare sel daga ƙuna.

Kashe inbata da makunnin farantai tukuna. Kada ka taɓa zare kan waya na MC4 wuta na gudana, wutar sola ba ta yanke tartsatsi da kanta, kuma bolt 300 na kisa. Ka sa takalmin roba, kada ka hau jiƙaƙƙen kwano, kada ka taka faranti ko da gilashin bai fashe ba, sel na tsagewa a ciki. Idan ba ka saba ba, wannan aikin na mai sana'a ne.

Ware kowane faranti, ka auna bolt ɗinsa da mita a cikin rana. Wanda aka rubuta Voc 49 ko 50 zai nuna wajen 44 zuwa 47 idan ya ɗau zafi. Idan ka ga 30 ko 31, dayod ɗaya ya haɗe. Amfiya kuma kada ka auna ta da ƙaramar mita, yawancinsu iyakarsu 10, farantin nan kuwa na kai 13 zuwa 14. Nemi mitar da ke kama waya da baki, wadda ke karanta DC, wato irin wutar da farantai ke bayarwa. Don gano wanda ya yanke, a mayar da komai a kunna, a rufe sel biyu na layi ɗaya da kwali na ɗan lokaci kaɗan. Idan bolt ya ragu da kusan 14 wuta ta ci gaba, lafiya. Idan amfiyar jerin duka ta faɗi ta ƙi tashi, akwai zargi. Ka leƙa baya kuma: akwatin da ya narke, ko tabo ruwan ƙasa, ko kan wayar da ya yi baƙi, duk alamu ne. Tsofaffin akwatuna na buɗuwa a canza dayod, na zamani a cike suke da danƙo, sai gwani ko canjin faranti.

Wannan gwajin shi za ka yi kafin ka biya kuɗin faranti tokumbo. Ka tafi da awo kuma. Faranti na zamani yana bayar da wajen wat 200 zuwa 220 ne a kowace murabba'in mita, na 550 tsawonsa ya kusa mita biyu da santimita 30, faɗinsa mita ɗaya da 13. Wanda bai kai haka ba aka manna masa 550, takardar ce kawai.

Datti ma inuwa ne

Kashin tattabara ɗaya a kan sel ya fi ƙurar da ta bazu ko'ina illa, don shi toshewa yake, kuma ba ya matsawa da rana. Haka ganyen da ya manne, da baƙin hayaƙin janareton maƙwabta, da laka da ke taruwa a leɓen ƙasa na faranti idan an shimfiɗa shi ba karkata. Wannan lakar ita ce ke rufe layin sel na ƙasa, kuma a farantin da ke tsaye ka san abin da hakan ke nufi. Shi ya sa ko a Legas ake so karkata ta kai digiri 10, ruwan sama ya riƙa wankewa. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, a wanke duk sati biyu. Da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa da tsumma mai laushi a kan sanda, ba Omo, ba soson ƙarfe. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya tsaga shi. Ruwan burtsatsen wasu unguwanni na barin jan tabo ko gishiri, ruwan sama da aka tara ya fi. Masu zama kusa da teku, Lekki, Ajah, Badagry, su riƙa duba notuna da kan wayoyi, iskar gishiri na cin su. A bar tazarar santimita 10 ko fiye tsakanin faranti da kwano, don kowane digiri ɗaya na zafi sama da 25 yana rage kusan sulusin kashi ɗaya cikin ɗari.

Sai na'urorin kuɗi

Idan duk an yi wannan inuwar na nan, misali bene mai hawa uku ya tsaya maka a gabas, sai a yi maganar oftimaiza. Ƙaramin akwati ne da ake ɗaurawa a bayan faranti, ya bar shi ya bayar da ɗan abin da yake da shi ba tare da ya ja sauran ƙasa ba. Na Tigo ana iya sa su a kan farantan da ke shan inuwa kaɗai. Na SolarEdge sai da inbatar kamfanin kuma a kan kowane faranti, na Huawei ma da inbatarsu suke tafiya. Akwai kuma ƙananan inbatoci na kowane faranti, irin na Enphase da Hoymiles. Su ne suka fi iya inuwa, amma an yi su ne don wuraren da wutar gwamnati ke tsaye. Idan aka ɗauke wuta suna mutuwa, sai in babbar inbatarka ta iya riƙe su, kuma ba kowace ke iyawa ba.

A ganina, a gidajenmu na Legas waɗannan na'urori ba su cika biyan kuɗinsu ba sai inuwar ta tsakar rana ce kuma tana yawo daga wannan faranti zuwa wancan. Ba sa ƙirƙiro haske. Farantin da ke cikin duhun bene awa huɗu, ko me ka ɗaura masa, awa huɗun nan ta tafi. Kuma kowane akwati ƙarin abu ne da zai iya lalacewa a kan rufi mai zafi da laima. Kafin ka saya, kwatanta kuɗinsa da na ƙarin faranti ɗaya a wuri mai rana.

Batir shi ke biyan bashin inuwa

Batir mai ruwa, tubula, idan ya yi makonni bai cika ba farantan dalmarsa kan yi ɓawo, ƙarfinsa ya ragu ba dawowa. Gidan da inuwa ke yanke wa awa biyu kullum yakan canza batir tun bai shekara biyu ba, a zargi mai sayarwa. Idan tubula gare ka, ka tabbata ya cika maƙil aƙalla sau ɗaya a mako, ko da wutar NEPA ko janareto, kuma kada ka riƙa shanye fiye da rabinsa. Litiyam ya fi jure zama ba cika, amma shi ma yana so ya kai ƙarshe lokaci-lokaci don ƙwayoyinsa su daidaita.

Tunda yanzu ka san sa'o'in da rufinka ke cikin rana tsantsa, ka tura manyan ayyuka can. Idan inuwarka ta safe ce, famfon ruwa da guga da injin wanki su jira azahar. Idan ta yamma ce, a yi su da hantsi, a bar abin da ya rage wa batir. Ka sa makunnin kariya daga tsawa a layin farantai, a haɗa ƙarafan da sandar ƙasa. Sannan ka sake ɗaukar hotunan nan sau biyu a shekara, Yuni da Disamba, da kuma duk ranar da ka ga maƙwabci ya sauke bulo da rodi.